Yadda Baƙin Tauraron Ghana Ya Haye Teku Zuwa Sao Tome

Ranar Lahadi 28 ga Maris, 2021, ƙungiyar Black Stars ta karɓi baƙuncin wata ƙasa da yawancin masu kallon ƙwallo a Nima da Maamobi ba za su iya nuna ta a taswira ba. Wasan neman gurbi ne a gasar cin kofin Afirka, a babban filin wasa na Accra, kuma Ghana ta ci 3 da 1. Babu wanda ya yi mamakin sakamakon. Abin dubawa yana wajen tutoci. Ga tamu: ja, ruwan zinariya, kore, da baƙin tauraro ɗaya a tsakiya. Ga ta baƙi: kore a sama, kore a ƙasa, faffaɗan rawaya a tsakani, jar alwatika ta wajen sanda, sannan baƙaƙen taurari biyu a jere a kan rawayar. Launukan ɗaya ne, tauraron ma iri ɗaya, mai tsini biyar. Wanda ya gani sai ya ɗauka kwaikwayo ne kawai. Akwai kwaikwayo a ciki, ba musu, amma kowane launi na tutar nan ta Sao Tome da Principe yana da igiyar da ta ɗaure shi da birnin nan namu, wasu igiyoyin ma sun girmi ita kanta Ghana da ɗaruruwan shekaru.

Tsibirai biyu ne a cikin tekun Gini, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon, dab da layin ikwaita. Faɗin ƙasar duka wajen murabba'in kilomita 1,000 ne, mutanenta kuwa 200,000 da 'yan kai. In ka cire Seychelles, babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta a Afirka. Turawan Fotugal sun iso wajen 1470, suka tarar babu kowa sai kurmi da tsuntsaye. Suka shuka rake, suka cika gandaye da bayi daga masarautar Benin da ta Kwango. Tun lokacin alaƙa ta fara tsakanin tsibirin da gaɓar nan, mummunar alaƙa kuwa: daga Sao Tome ake lodin bayi a kawo su Elmina, ganuwar da Fotugal ta gina a 1482, a musanya su da zinariya a hannun fataken Akan.

Koren tutar ba ya buƙatar dogon bayani, kurmin tsibirin ne. Rawayar ce mai labari. Ana cewa rana ce, ana kuma cewa koko ne, wanda ake cakulan da shi, domin kwanson koko in ya nuna rawaya yake komawa. Daga Barazil aka kawo irin a wajejen 1820, kuma kafin farkon ƙarni na 20 wannan ɗan tsibiri ya shiga sahun gaba na duniya wajen noman koko. Masu yin noman fa? An soke bauta a takarda tun shekarun 1870, sai aka sake mata suna. Ana kamo mutane daga can cikin Angola, a sa su dangwala hannu a takardar kwantiragin shekara biyar, a zuba su a jirgi. In shekara biyar ta cika sai a sabunta takardar ba tare da an tambayi mai ita ba. Har zuwa 1908 kusan babu wanda aka mayar gida. Wani ɗan jarida Bature, Henry Nevinson, ya bi hanyar da ake koro su da ƙafa zuwa bakin teku, ya ga mari da ƙasusuwan mutane a zube a gefen hanya, ya fitar da littafi a 1906.

Asiri ya tonu a Ingila, kuma wanda abin ya fi ƙonawa shi ne kamfanin Cadbury, na iyalin nan mabiya ɗarikar Quaker da suka yi suna wajen ƙin bauta, alhali kaso mai tsoka na kokonsu daga Sao Tome yake fitowa. Sun daɗe da jin ƙishin-ƙishin, suka yi ta aika bincike, suna ci gaba da saye. Jaridar Standard ta kira abin munafunci, Cadbury ya kai ta kotu. A ƙarshen 1909 masu taya alƙali shari'a suka ba kamfanin gaskiya, amma diyyar da suka yanka masa rubu'in kwabo ɗaya ce tak. Ko ba a faɗa ba, an faɗa.

A watan Maris na wannan shekarar Cadbury da Fry da Rowntree suka daina sayen kokon Sao Tome. Ba su yi wannan jarumtar ba sai da suka tabbatar akwai wata kasuwar a hannu, kasuwar kuwa ita ce Gold Coast, wato Ghana ta yau. A nan manoma 'yan ƙasa ne ke noma gonakinsu, da irin da ake danganta yaɗuwarsa ga Tetteh Quarshie, maƙerin nan Ga da ya dawo daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem. Shi kuma kokon Fernando Po asalinsa daga Sao Tome aka kai shi. Zuwa 1911 Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya. Faɗuwar wani, tashin wani.

A nan mutanen zango suka shigo labarin. Goro ne ya fara jawo kakanninmu Gwanja da Salaga, amma kuɗin koko ne ya buɗe hanyar kudu sosai. 'Yan Arewa da Mosi da Zabarmawa suka yi ta gangarowa, wasu leburanci a gonaki, wasu dako a tasha da bakin ruwa, wasu fataucin shanu da tufafi don masu sabon kuɗi. Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran birnin Accra, ta cika ta batse. Adabraka ta faɗaɗa, Sabon Zango na Malam Bako ya kafu, sannan a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka da shanunsa a filin da ya zama Nima. Wato rawayar da ke tsakiyar tutar wancan tsibiri, da ita aka ɗora langa-langa a kan gidaje da yawa na zangunan nan.

Jar alwatikar kuwa ta fafutukar 'yanci ce, kuma duk ɗan Sao Tome ya san ranar da take nufi. Akwai jama'a a tsibirin da ake kira forro, jikokin bayin da aka 'yanta tun da daɗewa. Sun ƙi aikin gandu ƙememe, domin a wajensu komawa bauta ne. Gwamna Carlos Gorgulho kuwa yana neman hannun aiki ido rufe, har yana sa a kama mutane a titi a tura su aikin gine-ginen gwamnati. A farkon 1953 jita-jita ta bazu cewa za a tilasta wa forro shiga kwantiragi. Ranar 3 ga Fabrairu rikici ya tashi a yankin Trindade. Gorgulho ya ce makircin 'yan kwaminis ne, ya raba wa Turawan tsibirin bindigogi, ya zuga leburorin gandu a kan forro. Aka ƙone gidaje a Batepa da kewaye. Aka cusa mutane a ɗakin kurkuku guda har wasu suka mutu don rashin iska. Wasu aka kai su bakin ruwa a Fernao Dias da sarƙa a ƙafa, ana dukansu suna dakon duwatsu da yashi, wanda ya mutu a jefa shi teku. Mutanen tsibirin suna ƙirga mamata 1,032, hukumomin Fotugal sun tsaya a wajen 200, masana tarihi suna cewa ɗaruruwa. 'Yan sandan ciki na Fotugal da kansu, waɗanda ba a san su da tausayi ba, sun zo sun bincika suka ce babu wani makirci. Aka kira Gorgulho gida Lisbon, aka ƙara masa girma zuwa janar. Har yau 3 ga Fabrairu ranar hutu ce a ƙasar.

Mu ma muna da irin wannan rana. A 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, wani jami'in 'yan sanda Bature, Colin Imray, ya buɗe wuta a mararraba, ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Jan da ke saman tutar Ghana nasu ne da ire-irensu.

Saura tauraro. Shi ma daga tsibiri ya taso, amma can ƙetaren Atilantika. An haifi Marcus Garvey a Jamaika a 1887, ya kafa ƙungiyarsa ta ɗaukaka baƙar fata a 1914, ya koma Harlem ta birnin New York. A zamanin nan ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwa na Turawa shi ne White Star Line, mai jirgin Titanic. A 1919 Garvey ya kafa nasa ya sa masa Black Star Line, ya sayar wa talakawa baƙaƙe hannun jari a kan dala 5. 'Yan dako da masu wanki suka zuba guminsu. Jirgin farko, Yarmouth, tsohon ƙarfe ne mai shekara 30 da ɗoriya da aka sayar musu da tsadar da ta wuce ƙima, amma ranar da ya tashi da baƙin kyaftin, Joshua Cockburn, dubban mutane suka fito kallo. A kasuwance kamfanin bai yi abin kirki ba. Ya durƙushe a 1922, babu jirginsa ko ɗaya da ya taɓa gaɓar Afirka. Aka yanke wa Garvey hukunci a 1923 kan zamba ta gidan waya, aka ɗaure shi, aka kore shi daga Amurka a 1927, ya rasu a Landan a 1940 bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Sai a Janairun 2025 Shugaba Joe Biden ya yafe masa, shekara 84 bayan ya kwanta dama.

Jirgi bai iso ba, suna ya iso. Kwame Nkrumah ya yi shekara 10 yana karatu a Amurka, daga 1935 zuwa 1945, kuma shi da kansa ya rubuta cewa a duk abin da ya karanta babu wanda ya hura masa wuta kamar rubuce-rubucen Garvey.

Amma ba Nkrumah ne ya zana tutar ba, kuma wannan ne yara da yawa ba su sani ba. Da 'yanci ya gabato, gwamnati ta sa sanarwa a jarida tana neman zanen sabuwar tuta. Wata malamar makaranta mai shekara 34, Theodosia Salome Okoh, ta gani ta aika nata. 'Yar gidan Asihene ce na Anum, mahaifinta babban limamin cocin Presbyterian, ta yi shekara uku tana koyon zane a Achimota. Gidan masu ilimi ne: ƙanwarta, Letitia Obeng, ita ce mace ta farko 'yar Ghana da ta yi digirin dakta a fannin kimiyya. Aka zaɓi zanen Theodosia. Masana sukan ce launukan na Habasha ne, ƙasar da ta karya Italiya a Adwa a 1896 ta ƙi mulkin mallaka, sai dai an juya tsarinsu, ja ya hau sama. Ita kuwa in aka tambaye ta, ƙasa take nunawa: kore don ciyayi da kurmi, ruwan zinariya don ma'adinai, ja don waɗanda suka mutu ko suka sha wuya, tauraro kuma don 'yancin Afirka da haɗin kanta. A ganina babu saɓani. Mai zane tana kallon abin da ke gabanta, iskar zamanin kuma tana kaɗawa ta inda take kaɗawa.

Ranar 5 ga Maris, 1957, aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Barnes Road, nan Adabraka. Da tsakar daren ranar, tafiyar ƙafa kaɗan daga wurin, a tsohon filin folo da ke bakin teku, Nkrumah da su Kojo Botsio da Komla Gbedemah suka hau dandamali sanye da batakari irin na Arewa. A jawabin ne ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana muddin ba a haɗa shi da 'yancin Afirka baki ɗaya ba. Tutar Ingila ta sauka, ta Theodosia ta hau. Kafin shekara ta ƙare Ghana ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, ta sa masa Black Star Line. Sai dandalin Black Star, sai ƙungiyar ƙwallo, wadda 'ya'yan Nima tun daga Mohammed Polo har zuwa Mohammed Kudus suka sa rigarta.

Nkrumah bai bar maganar a baki ba. Accra ta zama zangon masu fafutuka: a sauka, a ci, a huta, a yi shiri, a wuce. Taron al'ummomin Afirka na Disamban 1958 ya tara su Patrice Lumumba da Tom Mboya da Frantz Fanon. A watan Nuwamban wannan shekarar Ghana da Gini suka ƙulla tarayya, aka tsara mata tuta irin ta Ghana mai baƙaƙen taurari biyu, da niyyar ƙara tauraro duk lokacin da wata ƙasa ta shigo. Mali ta shigo a 1961, suka zama uku. Tarayyar ba ta yi ƙarko ba, zuwa 1963 ta watse. Sai dai dabarar nan ta ƙirga ƙasa da baƙin tauraro, a nan aka fara ta.

Cikin baƙin da suka sauka a wannan zango har da 'yan Sao Tome. A 1960 wasu 'yan boko na tsibirin, waɗanda kisan Batepa ya yi wa tabo, suka kafa kwamitin neman 'yanci, CLSTP. Ba su da yawa, kuma a tsibiri babu dajin da ɗan tawaye zai ɓuya ya tsallaka iyaka, don haka duk aikinsu a gudun hijira ne. Wasu suna Libreville tare da Miguel Trovoada, wasu suna nan Accra ƙarƙashin inuwar Nkrumah, a nan ma suka yi taronsu na 1965. Abin ban dariya shi ne a daidai lokacin ita kanta tutar Ghana ta sauya kama. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1964 da ta mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, aka cire ruwan zinariya aka sa fari, don ta dace da launin CPP, jam'iyyar Nkrumah. Nkrumah ya yi manyan abubuwa, amma wannan ɓarna ce: ya mayar da tutar kowa ta zama ta gida ɗaya.

Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji suka kifar da shi yana kan hanyar Hanoi. Cikin kwanaki suka dawo da zanen Theodosia yadda yake, wannan kam sun kyauta. Amma su ne kuma suka rufe ƙofa ga masu fafutuka, 'yan Sao Tome suka tattara nasu ya nasu suka bar Ghana. Mutanen zango sun san ɗacin irin wannan sallama. Shekara uku bayan haka, a 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Sama da mutum 100,000 suka tashi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba. Tauraron haɗin kan Afirka yana nan yana kaɗawa a kan iyakar Aflao lokacin da suke tsallakawa da ƙunshin kaya a ka.

'Yan Sao Tome ba su sake haɗa kansu ba sai 1972, a Santa Isabel da ke Fernando Po, tsibirin da Tetteh Quarshie ya ɗebo iri. Suka sake suna zuwa MLSTP, suka ɗora Manuel Pinto da Costa a kan gaba. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Yaƙin da ake yi a Gini Bisau da Angola da Mozambik ne ya gajiyar da sojojin Fotugal har suka kifar da gwamnatinsu a 25 ga Afrilu, 1974. Aka sa hannu a yarjejeniya a Aljeriya a Nuwamban shekarar, ƙasar ta sami 'yanci a 12 ga Yuli, 1975, aka tabbatar da tutar a hukumance a 5 ga Nuwamba. Daga tutar MLSTP aka ɗauko ta, sai aka faɗaɗa rawayar tsakiya ta fi korayen, kuma ana danganta zanen ga Pinto da Costa, shugaban ƙasa na farko. Taurari biyu, ɗaya na Sao Tome, ɗaya na Principe, baƙaƙe don a san mutanen Afirka ne. Principe ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar ba, mutanenta 'yan dubbai ne, amma taurarin girmansu ɗaya. Wannan adalcin ya burge ni, ko da a kan ƙyalle ne kawai.

Ba kowa ya riƙe amanar tauraron ba. Tsibiran Cape Verde ma sun ɗauke shi a 1975, irin na Gini Bisau da jam'iyyar Amilcar Cabral. Da aka koma siyasar jam'iyyu da yawa, sabuwar gwamnati ta ce tutar tsohuwar jam'iyya ce, a 1992 ta sauya ta da shuɗiya mai taurari 10 rawaya a da'ira, wadda masu suka suka ce ta fi kama da ta Tarayyar Turai. Sao Tome ita ma ta sauya tsari a 1990, MLSTP ta sha kaye a zaɓen 1991, Trovoada ya hau mulki, amma ba a taɓa tutar ba. Yau ƙasashe uku ne a Afirka ke da baƙin tauraro a tutarsu: Ghana, Gini Bisau, da wannan ɗan tsibiri.

Theodosia Okoh kuwa ba ta zauna tana cin sunan tuta ba. Wasan hoki ta rungume, ta shugabanci hukumarsa sama da shekara 20, a 2004 aka sa wa filin hoki na ƙasa sunanta. A Yulin 2013, shekara guda da rasuwar Shugaba Atta Mills, hukumar birnin Accra ƙarƙashin magajin gari Alfred Oko Vanderpuije ta cire sunan ta sa na marigayin. Mills ɗan hoki ne na gaske, babu mai ƙin a girmama shi, amma a tuɓe wa tsohuwa mai shekara 91 abinta tana raye tana kallo? Gari ya ɗauka, rediyo da jaridu suka yi ca, Shugaba John Mahama ya ba da umarnin a mayar da sunan, magajin gari ya ba ta haƙuri.

Ta rasu a Tema ranar 19 ga Afrilu, 2015, tana da shekara 92, gwamnati ta sa aka sauko da tuta zuwa rabin sanda har kwana uku. Filin hokin yana nan Accra kusa da Tema Station, mota ɗaya ce daga Circle, kuma sunanta ne a kansa har yau.